Rakiyar Ayari a Cikin Taurari

A wannan fili na mujallarmu an saba karanta bayani a kan noman gero da auduga, da tarihin garuruwanmu, da amfanin tsabta. Ni kuwa bana na zo muku da wani abu dabam, watau labarin wani wasan kwamfuta na yaƙin jirage a sararin samaniya, da dabarun da ake yi a cikinsa. Na san wasu iyayenmu da sun ji an ce wasa za su ce, "To, ga shiririta ta zo." Ina roƙonsu su yi mini haƙuri su kai ƙarshe, sa'an nan su yanke hukunci, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sunan wasan FreeSpace 2. Wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Volition shi ya ƙirƙiro shi, aka fitar da shi a shekarar 1999, watau ya girme ni da kimanin shekara goma. Irin wannan wasa kuwa ya daɗe a wurin Turawa. Tun a 1962 wasu masana a wata babbar makarantar fasaha da ake kira MIT suka yi wani mai suna Spacewar!, inda jirage biyu ke kewaya tauraro suna harbin juna. A 1984 wasu samari biyu 'yan Ingila, David Braben da Ian Bell, suka yi Elite, wanda a cikinsa mutum ke fatauci tsakanin taurari yana kare kansa daga 'yan fashi. A 1990 kuma aka yi Wing Commander, wanda ya haɗa yaƙi da labari kamar fim. FreeSpace 2 bai yi kasuwa sosai ba sa'ad da ya fito, amma a 2002 masu shi suka saki asalin rubutun da aka gina shi da shi, kowa ya samu, sai masu sha'awarsa suka yi ta gyara shi suna ƙara masa kyau. An rufe kamfanin a 2023, wasan kuwa bai mutu ba.

Ni dai a wurin yayana na san shi. Yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kauran Namoda, yana kuwa da wata tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka wadda batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Kun dai san a makarantarmu ta kwana ba a yarda ɗalibi ya riƙe ko da waya ba, saboda haka sai an yi dogon hutu mun koma gida Zurmi nake samun taɓa ta. Yaya ya kafa mana doka uku: sai an dawo daga gona, sai an yi sallar la'asar, kuma wanda ya cinye caji shi zai kai ta wurin mai cajin waya a bakin kasuwa da kuɗinsa. Na ce "mana" domin mu biyu ne, ni da taubashina ɗan Shinkafi, wanda yakan zo hutu wurinmu. Duk maganar da ake yi a cikin wasan da Turanci ake yinta, don haka kullum ƙamus na gefenmu. In mutum bai fahimci umurnin da kwamanda ya bayar ba, to ya fita yaƙi ke nan bai san abin da aka aike shi ba.

Bari in fara da labarin, domin dabarun ba su da ma'ana sai da shi. An ƙaga cewa a wani zamani mai zuwa 'yan Adam sun bazu cikin taurari. Tafiya daga wannan tauraro zuwa wancan kuwa ba ta yiwuwa sai ta wasu mashigai, kamar dai yadda gulbin Gagare yake in ya kawo ruwa, ba ko'ina ake ƙetare shi ba. A can suka gamu da wasu halittu da ake kira Vasudan, waɗanda asalin duniyarsu hamada ce, suka yi shekara 14 suna yaƙi da juna. Ana cikin haka sai ga wasu baƙi da ake kira Shivan sun ɓullo da baƙaƙen jirage, ba sa magana da kowa, ba sa neman ƙasa ko dukiya, kisa kawai suke yi. Tilas abokan gāba biyu suka haɗa kai suka tare su. Sun ci nasara, amma a wajen cinta mashigin da ke zuwa wannan duniya tamu ya rushe, waɗanda ke waje suka rasa hanyar komawa gida. Wannan shi ne labarin wasa na farko, wanda ya fito a 1998.

Wasa na biyu ya tashi ne bayan shekara 32, a shekarar 2367 ta ƙidayar labarin. Wani babban hafsa mai suna Aken Bosch ya yi tawaye, yana cewa bai yarda 'yan Adam su zauna tare da Vasudan ba. Ana fama da yaƙin basasa, ɗan'uwa na harbin ɗan'uwa, sai Shivan suka dawo. Kai mai wasa kuwa ba sarki ba ne a cikin wannan labari, ba kuma janar ba. Ƙaramin matuƙi ne kai, ba a ambaton sunanka, ba a nuna fuskarka, ba ka cewa uffan. Alfa 1 kawai ake kiranka. Kafin kowace fita za a tara ku a nuna muku taswira, a ce ga inda za ku, ga abin da ake so ku yi. Manyan al'amura suna faruwa a can sama da kai, sai dai ka ji labarinsu, kamar yadda mu ma muke jin abin da aka yanke a Gusau ko Abuja ta rediyo.

To, ga dabarun. Ta farko ita ce rabon ƙarfi. Jirginka yana da tushen wuta guda ɗaya tak, daga gare shi abu uku ke sha: bindigogi, da garkuwa, da inji. Garkuwar nan ba ta fata ba ce irin ta mayaƙan dā, wata katanga ce ta wuta da ba a gani, wadda ke kewaye jirgi tana tare harbi har ta ƙare. In ka ƙara wa bindiga ƙarfi, ka rage wa garkuwa da inji. In ka ƙara wa inji don ka yi gudu, bindigarka za ta yi ta ƙarewa. Ba a tauna taura biyu, balle uku. Saboda haka matuƙi yana canza rabon nan a kowane lokaci. In abokan gāba na nesa, ya ba inji don ya isa da wuri. In an haɗu, ya mayar wa bindiga. In an yi masa taron dangi, ya zuba wa garkuwa, ya nemi hanyar fita. Duk wanda ya taɓa ganin uwarsa tana raba mudun gero ɗaya tsakanin tuwon dare da kunun safe da abin da za a ajiye saboda baƙo, ya riga ya san wannan lissafi.

Ta biyu, garkuwar kanta kashi huɗu ce: gaba, da baya, da dama, da hagu. Ana iya kwashe ƙarfin wani sashe a kai wani. In ka tunkari babban jirgi mai bindigogi da yawa, sai ka tara ta a gaba. In ka jefa bam ka juya, sai ka mayar da ita baya. Ta uku kuwa ita ce saiti. Jirgin da kake bi ba a tsaye yake ba, harsashi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya isa. Don haka kwamfuta tana sa wata 'yar alama a gaban jirgin, ita ake harbi. Duk yaron da ya taɓa harbin kurciya a sama da danƙo ya san ba a saita inda take, sai inda za ta.

Ta huɗu ita ce umurni. Ba kai kaɗai kake fita ba. Akwai rukunin jirage, Alfa da Beta da Gama, kana kuwa da ikon ce musu, ku tsare wancan jirgi, ku auka wa wannan, ku dawo ku rufa mini baya. Sabon shiga yakan manta da su, ya yi ta fama shi kaɗai, alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta biyar, ba lalle sai an ragargaza babban jirgi ake maganinsa ba. Kowane jirgi yana da gaɓoɓi: inji, da bindigogi, da na'urar sadarwa, da na'urar hange. In ka lalata injinsa ya tsaya cik. In ka karya manyan bindigoginsa ya zama kura ba haƙori. Akwai wani ƙaton jirgin Shivan mai suna Sathanas, mai manyan bindigogin haske guda huɗu a gaba. Ƙananan jirage aka aika suka karya bindigogin nan tukuna, sa'an nan babban jirginmu ya iya tsayawa gabansa.

Amma uwar dabaru, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami, ita ce ta rakiya. Da yawa daga cikin ayyukan da ake ba Alfa 1 ba na kai hari ba ne. Za a ce maka ga jiragen kaya, ko na marasa lafiya, ko na fararen hula, ka kai su mashigi lafiya. Jiragen nan manya ne, masu nauyin tafiya, ba su iya kare kansu. A gefen allon kwamfuta akwai wani ɗan lissafi mai nuna sunan kowannensu da sauran lafiyarsa, daga 100 har zuwa sifiri. Abokan gāba kuwa iri biyu suke zuwa. Akwai ƙananan jirage masu sauri, su ne ke kewaye ka suna tsokanarka. Akwai kuma masu ɗauke da bam, masu tafiya a hankali, waɗanda ba ruwansu da kai, ayarin suka nufa. In ka biye wa masu tsokana za su ja ka nesa, kafin ka waiwayo lissafin nan ya sauka. Abin da ake so shi ne ka tsaya kusa da ayari, ka tari masu bam tun suna nesa, in kuwa sun riga sun saki bam ɗin, ka bi shi ka harbe shi a hanya kafin ya isa.

Taubashina gwanin harbi ne, wannan ba na musu. Hannunsa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Wata rana aka ba shi rakiya, ya shiga cikin masu tsokana ya yi ta kakkaɓo su yana ƙirgawa da ƙarfi don in ji haushi. Yana cikin murna sai muka ji muryar wani matuƙin jirgin kaya yana neman taimako. Kafin ya juyo ya iso, jirgin ya tarwatse. Da aka koma sansani kwamanda bai ko yabi harbinsa ba, ya ce aiki ya ɓaci, a sake. Taubashina ya fusata ya ce, "Kai, wannan wasa bai san jarumi ba! Duba yawan waɗanda na kayar." Na ce masa, "To, sarkin baka, ai ba farauta aka aike ka ba." Nan fa gardama ta kaure, har ta kai kunnen kakanmu da ke kishingiɗe a kan buzu a ƙofar zaure.

Ya ce mu gaya masa abin da ya haɗa mu. Muka yi ta ƙoƙarin bayyana masa jirgi da tauraro da bam. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya yi dariya ya ce, "Ku dai yaran zamani kuna da ban dariya. Wanga abu naku ai ba sabo ba na. Kakana bahwatake na, da ƙahwa ya tai Gwanja sayen goro tun jirgin ƙasa bai zo Kaura ba. Shi yag gaya man, in 'yan hwashi sunka taso ma ayari, wasu ka hitowa gaba su yi ta ihu, don samarin ayari su bi su cikin daji. Da sun bi, sai sauran su hwaɗa ma jakkai ta baya. Don haka madugu ba shi barin kowa shi bi ɓarawo. Jagaba na gaba, madugu na baya, kaya da mata na tsaka. In an kai zango, ba a tambayar mutum nawa ka kashe. Jakkai aka ƙirgawa, da mutane." Sa'an nan ya dubi taubashina ya ce, "Kai aboki, da kai aka tahiya Gwanja, da ko goro guda ba a kawo ba."

Jirgin ƙasa ya iso Kauran Namoda a 1929, ke nan maganar da kakanmu ya ba mu ta kai shekara ɗari ko fiye. Waɗanda suka tsara wasan nan a Amurka ba su san madugu ba, amma sun zo kan ƙa'idarsa. A darasin tarihi ma mun ji irinta. A yaƙin duniya na farko jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa sun yi ta nutsar da jiragen kayan Ingila, domin kowanne shi kaɗai yake tafiya. A 1917 sai Ingila ta koma tara su ayari ayari, jiragen yaƙi na raka su, hasarar kuwa ta ragu ƙwarai. Teku, da dajin Gwanja, da sararin samaniya na ƙage, duk dabarar ɗaya ce.

Masu karatu, na san kun riga kun gane inda na nufa, domin mu a nan ba a kwamfuta muka fara jin kalmar rakiya ba. Ina firamare a watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantarsu ta kwana a Jangebe, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. A watan Satumba na wannan shekara aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Inna ta yi makonni ba ta ji ɗuriyar 'yan'uwanta da ke Shinkafi ba. A cikin wasan akwai wani yanki mai hazo, kamar ƙurar hunturu in ta yi kauri, inda na'urar hange ba ta gani da nisa, ba ka san abin da ke gabanka ba sai ya iso. Da na shiga wurin, waɗancan makonni na tuna.

Akwai wata komawa makaranta da ba zan manta ba. Motoci suka taru a bakin gari tun da safe, aka ce ba mai tashi sai sojoji sun zo. Da suka iso, motarsu ɗaya ta shiga gaba, ɗaya ta tsaya baya, mu muna tsakiya, da 'yan kasuwa, da mata masu goyo, da ɗalibai da akwatunansu. Direbanmu, wanda aka san shi da gudu, ran nan bai wuce kowa ba. Motarmu ce ta kusa da ƙarshe, don haka ina hangen wani soja a motar baya, saurayi ne da bai fi Yaya shekaru ba. Tun daga Zurmi har Kaura bai zauna ba, bai yi magana ba, idonsa na kan daji, dama da hagu. Ba a yi harbi ko ɗaya ba. Da muka iso, kowa ya sauke kayansa ya kama gabansa, su kuma suka juya don su rako wasu. Ba wanda ya tambayi sunansa. Ba za a sa shi a labarai ba, domin ba abin da ya faru, alhali kuwa rashin faruwar kome shi ne aikin da ya yi.

Yanzu bari in gaya muku yadda labarin wasan ya ƙare, domin a nan ne ya bambanta da finafinan da muka saba gani. 'Yan Adam da Vasudan sun ƙera wani jirgi mai suna Colossus, tsawonsa kilomita 6, shekara 20 ana aikinsa, suna ganin da shi ba sauran tsoro. Da ƙyar ya kashe Sathanas guda ɗaya, aka yi ta murna. Ba a jima ba sai aka gane ashe irin Sathanas ɗin nan sun fi 80, suna nan tafe. Colossus kansa ya hallaka. Shi kuwa Bosch mai tawaye, wanda ya ƙera na'urar yin magana da Shivan, sun tafi da shi, ba a sake jin labarinsa ba. Daga nan shugabanni suka san ƙarfi ba zai yi ba. Sai suka yanke shawarar kwashe mutane miliyan 250 da ke zaune a kewayen wani tauraro mai suna Kafela, sa'an nan a cika tsofaffin jirage da bama-bamai a rushe mashigai biyu da ke fita daga can, don kada Shivan su biyo baya.

Aikin ƙarshe da ake ba Alfa 1 rakiya ce. Ga jiragen 'yan gudun hijira suna jan jiki zuwa mashigi, ga Shivan suna ta zuwa ba iyaka. Ana cikin haka sai a sanar da kai cewa tauraron zai fashe, saura ɗan lokaci kaɗan. Nan wasan ya bar ka da zaɓi. Ko ka zuba wa inji duk ƙarfinka ka tsere ta mashigi, ko ka tsaya tare da waɗanda ba su iso ba, wutar ta cinye ku tare. Ko wanne ka zaɓa labari ya ƙare, sai dai jawabin da shugaban rundunar ke yi a ƙarshe yakan ɗan bambanta. Ba a ci Shivan da yaƙi ba, ba a kuma bayyana tabbataccen dalilin da ya sa suke abin da suke yi ba. Abin da aka samu kawai shi ne mutanen da aka fitar da rai. Ni da taubashina mun daɗe shiru bayan allon ya yi duhu, har aka kira magariba.

A ɗakin kwananmu akwai ɗalibai da iyayensu suka bar ƙauyukansu na tsakanin Zurmi da Shinkafi, suka koma Kaura ko Gusau, suka bar gonaki da rumbuna da kaburburan kakanni. Na sha jin ana yi musu ba'a, wai 'yan gudun hijira, wai ubanninsu sun ji tsoro. Na kuma sha jin wasunmu, in an kashe fitila, suna ba da labarin mutanen daji da wata irin murya ta sha'awa, wane yana da bindiga kaza, wane ya nuna damin kuɗi a bidiyo. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Ƙasarmu ta san jarumai. Garin da makarantarmu take ma sunan mayaƙi yake ɗauke da shi, Muhammadu Namoda, wanda yana cikin manyan da suka ci Alkalawa, birnin Gobir, a 1808. Amma ni a ganina, uban da ya tashi cikin dare ya ɗora tsohuwarsa a kan amalanke, ya sa 'ya'yansa a gaba shi yana baya, ya kawo su gari ba wanda ya ɓace, madugu ne, ya kuwa kai ayarinsa zango. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wanda ke zaune kusa da kai a aji, da kake kira ɗan gudun hijira, shi ne shaidar cewa ubansa ya ci nasara.

Kada fa a ɗauka ina cewa wasa daidai yake da rayuwa. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa babu iska a sararin samaniya, saboda haka ba a jin ƙara, alhali a wasan kunne har ya gaji da rugugi. Haka kuma abin da ke tafiya a can ba ya tsayawa don an kashe inji, sai ya yi ta tafiya, amma jiragen wasan suna juyi suna tsayawa kamar jiragen sama na yaƙin duniya na biyu. An yi haka ne don wasa ya yi daɗi. Babban bambanci kuwa shi ne, in ayari ya hallaka a kwamfuta, sai ka danna maɓalli a sake daga farko, taubashina ma sai a karo na uku ya kai nasa lafiya. A hanyar Shinkafi babu wannan maɓalli. Wanda aka rasa an rasa shi ke nan, sai addu'a.

Abu ɗaya dai a cikin labarin ba ƙage ba ne, watau tauraron Kafela. Yana nan lafiya lau, bai fashe ba. Masana sun ce haskensa yakan yi kimanin shekara 43 a hanya kafin ya iso idonmu, ke nan hasken da muke gani yau ya taso tun wasu iyayenmu suna goye. Yana cikin taurari mafi haske. Da hunturu, in hazo ya yi sauƙi, wanda ya fita bayan sallar isha'i ya nemi Kaza da 'Ya'yanta, sa'an nan ya karkata idonsa wajen arewa, zai gan shi yana ƙyalli da ɗan launin rawaya.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, in Allah ya sa kun samu irin wannan wasa a lokacin hutu, ku saurari umurni kafin ku taɓa bindiga, ku kuma riƙa duban ɗan lissafin nan na gefen allo. In an dawo makaranta kuwa, manyanmu 'yan aji shida su tuna 'yan aji ɗaya ayari ne da aka ba su amana, daga ɗakin kwana zuwa rijiya, daga rijiya zuwa aji. Iyayenmu kuma ina roƙonku, in kun ga yaro a gaban kwamfuta, ku ƙayyade masa lokaci kamar yadda Yaya ya yi mana, sa'an nan ku tambaye shi abin da yake gani a ciki, wataƙila ku ma kuna da labarin da ya fi nasa.

Allah ya tsare matafiya da masu raka su. Allah ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya. Allah ya kawo mana ranar da za a tashi daga Zurmi zuwa Kaura, ko daga Kaura zuwa Shinkafi, ba tare da an jira kowa ba, amin.